Fuskar Yaya a Ƙarƙashin Baƙar Tawada

Aikin da na fi daɗewa ina yi a Jidda shi ne shafe mata. Ba wasa nake yi ba. A wani mustauda a Khumra, wato babban sito na wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga waje, mukan zauna a kan kwalaye, kowa da baƙin maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki, a hannu. Kaya su iso daga tashar jirgin ruwa: sabulu, man gashi, rigunan barci, tafkin roba na wankan yara. A jikin kowane kwali akwai mace tana murmushi, hannu a waje, wuya a waje. Kafin kayan su shiga kanti sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Hannu mu ja masa hannun riga, ƙirji mu rufe shi har haɓa, ƙafa mu ɗaura mata baƙin zani. Wani lokacin kuma a ce har fuska.

Na iya aikin, ba zan ɓoye ba. Sauran jagwalgwalo suke yi, tawada ta zubo har kan sunan kayan, mai kanti ya dawo da su yana zagi. Ni kuwa layina a miƙe yake. Shugabanmu, wani Bayamane, yana kirana fannan, wato gwanin zane. Yana faɗa yana dariya, ni kuma ina jin daɗi kamar wawa. Karatuna bai wuce in gane sunan titi in haɗa 'yan kalmomi ba, sai ga abu ɗaya a duniya da aka ce na fi kowa. Da aikin nan na samu kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, da shi na samu iƙama, takardar izinin zama, da shi na yi aure. Duk wanda zai ce in ji kunyarsa, sai ya fara gaya min abin da ya taɓa sa min a baki a wancan lokacin.

Mun zo ƙasar nan a tsakiyar shekarun saba'in, ni da Inna da Yaya, da sunan aikin Hajji, bayan rasuwar Baba. Inna ta san ba za ta koma ba tun kafin ta hau jirgi. Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Nuzla, cikin gidan wasu mutanenmu. Inna ta shiga sayar da soyayyiyar gyaɗa a bakin titi. Yaya, wadda ta riga ta zama budurwa, ta shiga wanki da guga a gidajen mutane. A lokacin matan Nuzla ba sa rufe fuska. Mayafi ne kawai, a yafa a fita. Za ka ga tsofaffi a jere da tirensu, tsagen fuskar kowace yana gaya maka garinsu kafin ta buɗe baki.

Cikin gidajen da Yaya ke aiki akwai na wata Bamisiriya, malamar zane a makarantar 'yan mata. Wata rana ta tarar da Yaya tana guga kusa da taga, hasken hantsi ya faɗo mata a kafaɗa, sai ta ruga ta ɗauko wani ɗan katako da fenti. Da yamma Yaya ta dawo tana dariya tun daga ƙofar gida.

"Inna, matar nan fa ba ta da lafiya. Wai in ci gaba da guga, amma kada in motsa. Don Allah ya ake guga ba a motsi?"

"To sai kika yi yaya?"

"Na tsaya ƙiƙam da dutsen guga a kan rigar mijinta, har ta ƙone."

Inna ta yi salati. "Shi ke nan, kin ja an kore ki."

"Wa? Cewa ta yi ƙunar ta yi kyau. Ta sa ta ma a cikin hoton."

Kwanaki suka yi a kan abin, kullum Yaya ta dawo da sabon labari. Ta ce matar ta gaya mata cewa a can ƙasar Faransa, da can matan sarakuna da na attajirai kaɗai ake zanawa, a zaune cikin gwal kamar an dasa su. Da zamani ya juya, mata suka fito suna aiki a kantuna da gidajen wanki, suna shiga jirgin ƙasa su kaɗai, suna karanta jarida, sai wasu masu zane suka bi su waje suna zana su yadda suka same su, da sauri, kafin rana ta gusa. Mai guga tana hamma, mai tallan fure tana ƙirga canji, duk an zana.

Inna ta ce, "Au, su sai a lokacin matansu suka fara fita? Mu tun kakannin kakanni muke yawo da tire a ka, ba wanda ya zana mu."

"Ai ga shi an fara da ni," in ji Yaya.

Da kwangilar mijin matar ta ƙare za su koma Masar, sai ta ba Yaya hoton. Bai fi faɗin tire ba. Ranar da ya shigo ɗakinmu na kai hancina kusa da shi, na ce wannan ai ɓarnar fenti ce. Babu layi ko ɗaya. Ɗigo nan, shafe can, shuɗi a inda ba shuɗi, ruwan ɗorawa a gefen wuya kamar an zubar da miya. Yaya ta kama ni ta wuyan riga ta ja ni baya har bakin ƙofa, ta ce, "Yanzu duba, sarkin sani." Wallahi sai ga ta. Kafaɗar nan tata da take ɗagawa in ta danna dutsen guga, ɗankwalinta da ya zame baya, farar riga da tabon ƙuna, har zafin ɗakin kana ji. Inna ta kafa ƙusa a saman gadonta ta rataye shi. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, kowa sai an ja shi baya tukuna.

Daga nan gari ya fara canjawa. Ba a rana ɗaya ba, amma bayan tashin hankalin da aka yi a Harami a ƙarshen shekarun saba'in ɗin, komai ya ƙara tsanani. Kowace tasi ka shiga kaset ɗin wa'azi ne. Masu hana mummuna suna zagaya kasuwa da 'yan sandunansu. Inna ta sayi baƙar abaya tana gunaguni, 'yan mata suka sa niƙabi. Kuma kada wani ya ce duk tilas ce. Yaya da kanta ta so shi. Ba ta da takarda, kuma ba ta taɓa samu ba har ta bar duniya. Ga mace irinta niƙabi rufin asiri ne, ta wuce ta gaban motar jawazat, masu kama marasa iƙama, ba wanda zai ce ta ɗaga. A wannan lokacin ne ni ma aka ba ni maka a Khumra. Abin da ya rufe su shi ya buɗe min ƙofa.

Yaya ta auri wani direba, mutumin kirki, mai zuwa karatu a masallaci bayan magariba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba a gabana. Da ta tare, ta tafi da hotonta. Ya ce a'a, mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka rataye surar mai rai. Ta ce ai wannan ba ya ma kama da mutum sai an ja baya. Ya ce mala'iku ma sun iya ja da baya. Da ya ga ta damu, sai ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo mata da sauƙi: in an shafe kai, sauran ya zama kamar itace, babu laifi a ajiye.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, ta shigo gidanmu da abu a naɗe cikin tawul. Ta san sunan da Bayamanen nan ya sa min, ba ta kuma bar ni na huta da shi ba.

"Ina fannan? Ga aiki na kawo maka."

Na buɗe na gani. Na ce, "Ki bar shi nan wurin Inna mana, ƙusarsa ma tana nan."

"A ɗakina nake son sa. Ni na ƙona rigar, ni zan riƙa kallonta."

"Duka kan?"

"Fuskar dai. Ka bar min ɗankwalina. Kuma ka yi shi da kyau, kar ka yi min irin na 'yan uwanka na sito."

Da zan iya yanka baƙar takarda in liƙa. Da zan iya cewa ta rataya ɗan ƙyalle a kai. Ko ɗaya bai zo min ba. An ce in yi da kyau, ni kuma fannan ne. Na ɗauko sabon maka, irin wanda ruwa ba ya wankewa, na zagaye fuskar da layi mai kyau kamar ƙwai. Fentin yana da tudu da kwari, in na shafa sai ruwan ƙasa-ƙasan fatarta ya leƙo ta tsakanin tudun. Sai na bi, na sake bi, na danna bakin makan cikin kowane kwari, musamman tsakiya, wurin ido da hanci, har babu ɗigon da ya rage. Na miƙa mata ina jiran yabo.

"Ka iya, ɗan banza," ta ce, ta dungure min kai.

Ta jingina shi a bango, ta ja baya zuwa bakin ƙofa yadda muka saba. Ta ɗan daɗe a nan. Sannan ta zo ta naɗe shi a tawul, ta tambayi Inna ko akwai sauran tuwo.

Wannan shi kaɗai ne hotonta a duniya. Wanda ba shi da iƙama ba ya zuwa wurin mai hoto. Fasfon da muka zo da shi na Inna ne, ya ɓace tun da daɗewa a hannun wani da ya ce zai gyara mana takardu. Ranar aurenta ba a bari kyamara ta shiga ba. Ta haifi 'ya mace, yarinyar ta fara gudu ke nan ciwo ya kama Yaya. Ta ƙi zuwa asibiti don tsoron a tambaye ta takarda, da aka kai ta an makara. Mijin ya yi wani auren ya koma Makka, ya bar mana yarinyar a cikin takardunsa amma a hannunmu. Da ita da akwatin uwarta da hoton suka dawo gidana.

Ban ɓoye mata komai ba, ba abin ɓoyewa ba ne. Kowa a gidan ya san Kawu ne ya shafe, kuma uwarta ce ta sa shi. Tana ƙarama takan tsaya a gaban hoton ta nuna baƙin ƙwan nan da yatsa ta ce Ummi. Wata rana a makaranta aka ce kowace yarinya ta zana gidansu. Ta zana mace mai baƙin kai gaba ɗaya, ba ido ba baki. Malamar ta ɗauka niƙabi ne, ta yaba mata a gaban aji, ta liƙa mata tauraro. Ta kawo min da gudu tana murna. Na ce ya yi kyau, na fita waje na tsaya a bakin titi ban san inda za ni ba.

Shekaru suka tafi, gari ya sake juyawa, wannan karon ta ɗaya gefen. Waya mai kyamara ta shigo, aka hana, aka gaji aka bari. Matan 'yan ƙasa suka fara karɓar katinsu na kansu da hotonsu a jiki. A sito aka fara kawo mana takardar liƙawa maimakon maka, daga baya kwalayen suka riƙa zuwa daga can da matansu a rufe, daga baya kuma ba wanda ya cika damuwa. 'Ya'yan mai sito suka karɓi harkar, su da ke yawo ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tarar da wani tsohon kwali da na yi wa aiki, ya ɗaga shi yana nuna wa abokansa suna ta dariya. Bai san ni ne a tsaye a bayansa ba, ko kuma ya sani. Aka mai da ni bakin ƙofa, ina buɗe wa manyan motoci. Fannan ya zama mai gadi. Waɗanda suka ce a shafe sun ce a daina, ba wanda ya ce wa kowa yi haƙuri.

Ita kuwa 'yar Yaya ta girma ta zama doguwa, kamannin ubanta sak, ko farce ba ta ɗauko na uwarta ba. Ta samu aiki a wani shagon hoto na mata zalla, masu ɗaukar biki, tana kuma zuwa koyon zane wurin wata malama. 'Yar Jidda ce, tana jin Hausa sarai amma in ta buɗe baki rabi Larabci ne. Wata rana ta zauna kusa da ni ta tura min waya a fuska.

"Khali, shuf."

"Ki yi min Hausa, ni ba kawun Larabawa ba ne."

"To duba, Kawu. Wannan irin na Ummi ne."

Na karɓa. Mace ce a kan guga, ta danna da hannu biyu, duk a ɗige-ɗige. Ta goga yatsa, ga wata a lambu da jarida. Ga wata a gidan kallo, ta kafa madubin hangen nesa a ido tana kallon jama'a. Ta faɗi sunan irin zanen, wata doguwar kalma, inɗiba'iyya, wai zana abin da ido ya fara kamawa kafin ya tsaya ƙirga gashin gira.

"Ka ga wannan? Ita ce take kallo, ba ita ake kallo ba. Malamarmu ta ce kafin lokacin ba a zana mace haka. Kuma wasu daga cikin masu zanen ma mata ne, Kawu. Harim, wallahi."

"Na san su," na ce.

"Kai? A ina?"

"An taɓa kawo mana kalandarsu kwali-kwali. Akwai wata mai taje kai, kafaɗa a waje. Ni na ɗinka mata riga."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce haram alaik, ka shafe Faransa gaba ɗaya. Da dariyar ta lafa sai ta kifa wayar a cinya. A lokacin an sa ranar aurenta, za ta tare a unguwar Madain Fahd.

"Zan tafi da hoton Ummi."

"Naki ne ai."

"Da fuskarta nake so."

Na kau da kai, sai ta ƙara matsowa.

"Kai ka sa, kai za ka cire. Tun ina ƙarama nake ganin kana goge yatsunka da kolonya, baƙin yana fita."

Gaskiya ta faɗa. Kolonya turaren lemon nan ne mai arha da masu aski ke shafa wa mutum a ƙeya. A sito da shi muke gyara kuskure. In hannu ya zarce ka rufe sunan kaya, sai ka ɗiga a auduga ka goge, kwali ya koma fes. Na ce mata wancan kwali ne mai santsi da ɗanyar tawada, wannan kuwa ya girme ta. Na tambaye ta me malamarta ta ce.

"Ta ce kar a taɓa. Wai sai masu gyaran tsofaffin hotuna, su kuma ba a nan suke ba. Sai in jira har yaushe? Har in haifi 'yar da za ta zana kakarta da baƙin kai?"

"In ya lalace fa?"

"Me na rasa? Baƙi?"

Ban iya gaya mata abin da ke raina ba. Muddin baƙin nan yana nan, Yaya tana ƙarƙashinsa. Shekara da shekaru da wannan nake kwantar da kaina: ban ɓata ba, rufewa kawai na yi. Na ja ta da gobe da jibi har aka fara kwashe kayanta. Ran nan ta shigo da kwalbar kolonya da ƙullin auduga ta dire a gabana, ta ce, "Halas, Kawu. Yalla."

Muka hau saman rufi da hantsi don haske. Na shimfiɗa tawul, na kwantar da hoton, ta durƙusa a gefena. Na jiƙa auduga kaɗan, na fara daga gefe, inda layin ƙwan ya haɗu da ɗankwali. Audugar ta yi shuɗi-shuɗi. Na canja wata. A hankali baƙin ya fara sakewa, don a gefe sau ɗaya kawai maka ya bi. Sai ga kunne. Sai ga wani ɗigo ruwan ɗorawa a ƙasansa, ɗan kunnenta. Na gangara, ga layin muƙamuƙi, ga hasken taga a kansa. Na ƙara matsawa ciki, sai ga gefen baki, ya ɗan lanƙwasa sama.

Yarinyar ta kama min hannun riga. "Ya Allah. Ci gaba, Kawu, ci gaba. Wallahi kai fannan ne."

Da ma ba ta faɗi kalmar nan ba. Ba laifinta ba ne, a gidan ta ji ta. Amma ina jin ta sai kaina ya kumbura kamar na wancan yaron da ke zaune a kan kwali. Malama ta ce sai ƙwararru, ga mai gadi yana yi. Na isa tsakiya, inda na bi na sake bi. Baƙin ya ƙi motsi. Maimakon in tsaya, sai na tuntsura kwalbar a kan audugar har tana ɗiga, na ɗora a wurin ido, na bar ta ta jiƙa, na danna na murza.

Na ji abin ya yi laushi a ƙarƙashin yatsana. Da na ɗaga, audugar ba baƙa ba ce kaɗai. Akwai ruwan ƙasa a jikinta, da ɗan ja, da wani fari-fari. A kan hoton kuwa, daga goshi zuwa ƙasan hanci, katako ne tsirara.

A ƙasa mai gas yana buga tukwanensa yana wucewa. Ina riƙe da audugar a sama, na rasa inda zan ajiye ta. Sauran da na yi amfani da su duk na jefa a gefe, wannan kuwa hannuna ya ƙi.

Ta ɗauki hoton ta jingina da tankin ruwa. Ta ja baya, ta ƙara ja, har ta kai bakin matakala, yadda na sha gaya mata uwarta ta koya mana. Ta tsaya ta ƙanƙance ido.

"Ban ga kowa ba, Kawu."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta share hanci da bakin mayafi, ta ce ba komai, tunda tana koyon zane, in faɗa mata yadda fuskar take, wata rana za ta zana a wata takarda daban. Idonta manya ne? Hancinta fa?

Na buɗe baki. Na san muryar Yaya, ko yanzu ina jin ta tana ce min ɗan banza. Na san hannunta, da tabon da dutsen guga ya bar mata a wuyan hannu. Na san tafiyarta. Amma da na nemi fuskar, abin da ya zo min shi ne baƙin ƙwai mai kyakkyawan layi. Shi na fi daɗewa ina gani, kullum a bangon ɗakina. Na ce ina jin tana da wushirya. Sai kuma na kasa tabbatarwa ko ita ce mai wushiryar ko Inna. Inna kuma ta riga ta rasu, babu wanda zan tambaya.

"Shi ke nan," ta ce. Ta naɗe hoton a tawul ta sauka.

Haka ta tafi da shi. Mijinta, yaro mai hankali, ya ce akwai wani mai zane da ya sani, zai iya cike wurin yadda ba za a gane ba. Ta ce duk fuskar da zai sa ta wata ce, ita ba ta son baƙuwa a ɗakinta. Ta sa aka yi masa firam, ta rataye shi a falo, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Kafaɗa da ɗankwali da farar riga mai ƙuna, kunne ɗaya, gefen baki, sauran baƙi a ɗaya gefen da ban kai gare shi ba, da fili a tsakiya.

Na yi watanni ban je gidan ba. Ita ce ta yi waya ta ce in ban zo cin shinkafar Juma'a ba, to za ta zo ta ɗauke ni a gaban mutanen sito. Na je. Ta zaunar da ni, ta kawo shayi, ta nuna gefen bakin nan da cokali.

"Dariya take yi, ko?"

Na ce dariya take dannewa, don an ce ta yi guga kada ta motsa. Ta san labarin tun tana ƙarama, amma ta sa na sake ba ta shi daga farko, har da salatin Inna.

Kafin in tashi na ciro wani ɗan gwangwanin alewa daga aljihu na ba ta. Audugar ce a ciki, ta bushe ta yi tauri. Tun ranar ban iya jefar da ita ba, kuma ban iya ajiye ta a gidana ba. Ta buɗe ta duba, ba ta tambaye ni mene ne ba. Ta shiga ɗaki ta samo 'yar leda ta sa ta a ciki, ta sauko da hoton, ta liƙa ledar a bayan katakon, daidai tsakiya. Ta ce ai nata ne, gara ya zauna kusa da sauran. Sannan ta ce in riƙe mata kujera ta mai da shi kan ƙusa, na riƙe.